Nauyinta a Hannuna

Litinin, 7 ga Afrilu, da la'asar

Sun dawo daga asibitin Gumel. Ina cikin kwaɓa yumɓu na ji tsayawar adaidaita a ƙofar gida, na fito hannu duk taɓo. Barau ne ya riƙo matarsa ta kafaɗa. Rahama, autata, ta zama kamar ba ita ba, wuya duk ya fito. Zanen goyon da na saya mata a kasuwar Maigatari yana cikin leda a ninke, yadda aka tafi da shi. Ni na riga su dawowa tun Juma'a saboda binne jaririyar, lokacin ita ba ta ma san inda kanta yake ba.

Na gode wa Allah. Na rubuta ne don in gani da idona: na gode. 'Yata ta shigo gidan nan da ƙafafunta, alhali ranar Juma'a babu wanda ya yi zaton haka. Na ce mata sannu ya fi a ƙirga. Ba ta amsa ba. Ta shiga ɗakina ta kwanta ta juya fuska bango. Barau ya ce tun da ta farfaɗo ba ta yi wa kowa magana ba, har shi.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

An fara wankan jego. Dole a yi, jiki bai san abin da ya faru ba. Babbar tukunyar da na gina musamman don wannan wanka ita na ɗora, na tafasa ruwa da ganyen darbejiya. Kowace mace takan yi ihu in ganyen nan ya sauka a bayanta. Ni a nawa jegon har zagin uwata na yi, Allah ya yafe mini. Rahama ko motsi. Na yi ta fyaɗa mata ruwan ina surutu, labarin akuyar maigidana Ɗantsoho da ta cinye masa hula, labarin tsadar kanwa. Ni kaɗai na yi dariyata.

Tukunyar dai ba ta tsage ba, ta riƙe wuta da kyau. Na gode da wannan ma.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da azahar

Ta sha kunun kanwa, rabin ludayi. Na gode, Ubangiji.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Nono ya kawo, babu mai sha. Na ɗaure mata ƙirji da zane, tana kallon rufin ɗaki. Wayyo ni Hannatu. Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Na leƙa sujada, na bar mahaifinta yana gadinta. Ɗantsoho ba mai magana ba ne, zaman shiru ba ya yi masa wuya. Fasto ya yi wa'azi cewa Allah magini ne, mu kuwa yumɓu ne a hannunsa. Kai, sai matan zumunta duk suka juyo suna kallona, tun da ni kaɗai ce maginiya a majami'ar tamu. Gaskiya kaina ya kumbura. Na dawo gida ina ji kamar an ba ni maganin ciwon 'yata a ƙulle cikin leda. Wa ya fi ni sanin yumɓu a unguwar nan? In dai a cikin tukunya Allah ya ɓoye darasinsa, ai ni zan tono mata shi.

Matan sun biyo ni suka yi mata addu'a da waƙa. Sun kawo sabulu da gero, har da kaza. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Ita dai bango take kallo.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Mun je haƙar yumɓu a busasshen kududdufin bayan gari, ni da Asama'u. Maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu, tun muna amare muke gini tare. Ita ta yi sallarta, ni in yi sujadata, wurin gashinmu ɗaya. Zafin bana ba a magana, kafin mu cika kwando biyu zanena ya jiƙe sharkaf.

A hanya na yi ta tunani. Yumɓun da muka haƙo ba ya ginuwa haka nan. Sai an shanya shi, an daka, an tsince tsakuwa da saiwa, an jiƙa ya kwana, sannan a tattake shi da ƙafa. Duk wannan kafin ya ga siffar komai. Na ce wa Asama'u haka Allah yake yi da mutum. Ta ce, "To malama, ɗauki kwandonki dai, rana na yi."

Da muka dawo na tarar da abin da ya sa na kusa yar da kwandon. Rahama ta fito da kanta tana zaune a ƙarƙashin rumfar da nake aiki. Ba ta ce komai ba, amma ta fito. Na shiga bayan ɗaki na durƙusa na yi godiya.

Laraba, 16 ga Afrilu, da la'asar

Ta sake fitowa. Ina dakan tsingaro, fasassun tukwanen da muke mayarwa gari mu zuba cikin sabon yumɓu. Na ga tana kallon turmin, na ce yawwa, ga ƙofa ta buɗe. Na gutsuro yumɓu na sa mata a tafin hannu, ta riƙe. Sai bakin nan nawa ya kama aiki.

Na ce, "Kin ga wannan tsingaron? Da can tukunya ce, ta fashe. Amma in ban daka shi na zuba a sabon yumɓu ba, sabuwar tukunya ba za ta jure wuta ba. Haka Ubangiji yake, 'yata. Ba abin da yake fashewa a banza. Wadda ta fashe ita ke ƙarfafa ta bayanta."

Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko tun dawowarta. Na ɗauka maganar ta shige ta. Ta ajiye yumɓun a ƙasa a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki, ta ja ƙofa. Ba ta ci tuwo ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Ta ƙi wanka. Ta ƙi kunu. Ruwan ya huce a tukunya.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da azahar

Yau ake tuna ranar da aka gicciye Yesu. Ban je ba.

Ruwa kawai take kurɓa. Na kai mata fura, na kai mata romon kazar nan, na dawo da su yadda na kai. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Asibiti sun dawo mini da ita da rai, kar a ce a ɗakina ta ƙare.

Na tsaya a tsakar gida ina faɗa da kowa, da kaji, da akuya, da murhu. Ɗantsoho yana zaure yana tufkar igiya. Ya bari na gaji, sannan ya ce, "Hannatu, me kika ce mata shekaranjiya?" Na maimaita masa, har da ɗan alfahari. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Wato jikarki ce tsingaron?"

Na zauna a kan turmi. Ba haka nake nufi ba, Allah ya sani ba haka nake nufi ba. Amma haka na faɗa, haka kuma ta ji.

Ya ce, "Yarinyar nan ba wa'azi ta rasa ba." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba. Mutumin nan sai ya yi wata bai haɗa magana mai tsawo ba, ran da ya haɗa kuwa sai ka gwammace duka. Duk da haka na gode da ya faɗa mini.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Ista. Daga tsakar gida muna jin ganga da waƙar tashin Almasihu. Barau ya zo daga Maigatari a kan babur da tsire a takarda. Ya shiga wurinta ya daɗe, ya fito ido ja. Ta ci yanka ɗaya daga hannunsa, in ji shi. Yaron kirki ne, shi ma nasa ciwon yake ɗauke da shi, ba wanda yake yi masa wankan ruwan zafi.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Rahama, ki yafe mini." Shiru. Na so in ƙara bayani, in ce ga abin da nake nufi, sai na ji idon Ɗantsoho a ƙeyata. Na haɗiye.

Yanka ɗaya dai ya shiga ciki. Na gode.

Talata, 22 ga Afrilu, da la'asar

Hadari ya taso ta gabas, bai zubar ba. Hankalina ya tashi, don ina da tuluna da randuna a rumfa da ban gasa ba, in ruwa ya sauka kuwa aikin rani ya tashi a banza. Ko kuma dai zaman gidan ne ya ishe ni, ina neman abin da zan yi da hannuna. Na kwashe su duka na kai wurin gashi, har da waɗanda na gina makon jiya.

Asama'u ta zo ta ɗora tafin hannu a cikin wata randa, ta ce, "Wannan da sauranta. Da sanyi a jikinta." Na ce ta bushe, dubi launinta. Ta ce, "Ta waje ta bushe." Na ce in ba za ta taya ni ba ta ba ni wuri. Ta taya ni. Muka jera, muka lulluɓe da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, na sa wuta.

Ba a daɗe ba na fara jin su. Tas! Can kuma, tas! Asama'u ba ta ce uffan ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Mun buɗe. Tsofaffin sun fito lafiya, jajaye, in ka ƙwanƙwasa suna amsawa garau. Sababbin kuwa duk sun tarwatse, har wata ta fasa ta kusa da ita. Ruwan da ya rage a cikinsu ne ya rasa hanyar fita. Ni da nake gini tun ina budurwa! Yarinyar da ta fara koyo jiya ma ba za ta yi wannan wautar ba.

Na zauna cikin toka na yi kukan da ban yi ba tun farkon wata. Asama'u ta zauna kusa da ni tana tsince masu rai. Can ta ce, "Ke matsalarki gaggawa, ga baki kamar rediyo. Ɗanyar tukunya a inuwa ake barinta, ba ke za ki ce mata ta bushe ba." Na ce na sani. Ta ce, "Kin sani a yumɓu."

Sai ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Kafin a kawo ta unguwar nan, a aurenta na fari, ita ma an yi mata irin wannan. Ta ce mutane sun yi ta ba ta haƙuri, ba ta tuna ko kalma ɗaya. Abin da take tunawa kakarta ce, da ta zo ta zauna a bakin gadonta tana kaɗin auduga, kullum, ba ta cewa komai. Na tambaye ta har yaushe. Ta ce, "Har na gaji da kwanciya."

Allah ya yi mini kyauta da wannan mata, ko da yake bakinta ba daɗi.

Asabar, 26 ga Afrilu, da azahar

Na kwashe kayan aikina daga rumfa na dawo da su inuwar ƙofar ɗakin, inda za ta iya ganina daga gado. Ina gini, bakina a rufe. Kai, ashe shiru aiki ne! Magana takan taso mini har maƙogwaro, in danne ta da yawu. Ɗantsoho ya leƙo ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Da yake ba na surutu, sai na fara ganin abin da hannuwana suke yi. In ina tayar da cikin randa, hannun dama yana waje da ɗan katako yana bugu. Kowa shi yake gani, shi yake ji. Amma na hagu yana ciki, daidai inda bugun zai sauka, yana tarewa. In babu shi, bugu ɗaya randa za ta lotsa. Ba ya ƙara, ba a ganinsa, kuma bai taɓa yi wa yumɓu bayani ba. Na ce, ya Yesu, ashe nan kake tun ranar Juma'ar nan, ni ina ta neman ka a bakina.

Wannan darasin nawa ne. Ban faɗa wa kowa ba, nan kawai na rubuta.

Litinin, 28 ga Afrilu, da safe

Ta yarda an yi wanka. Da ganyen ya sauka ta ce "wash". Ban taɓa jin daɗin kalma kamar wannan ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da la'asar

Tana cin abinci kaɗan-kaɗan, in na ajiye na kau da kai. Yau ta sauko daga gado ta zauna a bakin ƙofa, kusa da ni har ina jin numfashinta. Ina goge wani tulu da zaren 'ya'yan kuka don ya yi sheƙi. Zaren ya suɓuce ya faɗi gefenta, ta ɗauka ta miƙo mini. Na karɓa. Zuciyata tana ta tsalle, bakina yana ƙaiƙayi, amma na ci gaba da guga kamar ba a yi komai ba.

Asama'u ta leƙo ta kan danga, ta gan mu, ta ɗora yatsa a leɓe. Ni za ta koya wa! To, ita ɗin ce dai ta koya mini.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Dole sai na rubuta wannan.

Da hantsi ne. Na gama tattake sabon yumɓu na tara shi a kan buhu, ina shirin gutsura. Tana zaune a wurinta na jiya. Sai na ji an ce, "Inna." Muryar ta dushe, kamar ta wani. Na ce na'am, ban juyo ba, don kar in tsorata ta.

Ta ce, "Kin gan ta?"

Na ce, "Na gan ta. Ni na yi mata wanka."

Ta ce, "Ni ban gan ta ba. Kowa yana cewa in yi haƙuri, ba wanda ya ce mini ga yadda take. Ko ɗaukarta ban yi ba, Inna. Ban san nauyinta ba."

Ashe duk makonnin nan abin da take nema ke nan, yana hannuna, ni kuwa ina ta ba ta labarin turmi da tsingaro.

Hannuwana ne suka tafi da kansu. Maginiya ba ta awo da sikeli, hannu ne yake sanin na tulu, yake sanin na kasko, kuma abin da ya taɓa ɗauka ba ya mantawa. Na yanko curi na ɗaga. Ya yi yawa, na rage. Na sake ɗagawa, na mayar da ɗan kaɗan. Na mulmula shi ya yi tsawo, na kwantar da shi a kan damtsena yadda na kwantar da ita ranar nan. Shi ne, ba ƙari ba ragi.

Na ce, "Kamar haka."

Ta miƙo hannu biyu. Na ɗora mata, na gyara mata gwiwar hannu yadda ake yi wa sabuwar uwa. Ta kalle shi, ta jawo shi ƙirjinta. Sai kukan ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, tun daga cikin ciki yake fitowa. Ban ce ta yi haƙuri ba, ban ce komai ba. Na zauna a bayanta na riƙe ta, tana jijjiga, rigarta duk ta ɓaci da yumɓu. A zaure na ji Ɗantsoho yana fyace hanci.

Da ta lafa ta ce in faɗa mata sauran. Yanzu kam an tambaye ni, sai na faɗa. Gashi baƙi wuluk, cike da kai. Kunnuwan Barau, 'yan ƙanana masu lanƙwasa. Yatsu dogaye irin namu. Na ce a cikin sabon zanena na naɗe ta, kakanta ya yi addu'a, an kwantar da ita a gindin ƙiryar da ke bayan majami'a, wurin da inuwa. Ta sa na maimaita na yatsun.

Ta ce, "Zinariya na so a sa mata suna."

Na ce, "Zinariya ce."

Na gode, ya Uba. Ba ni da wata kalma, na gode.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Ta ci ɗumame, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce a kira Barau ya zo gobe, tana so ya raka ta gindin ƙiryar bayan an tashi sujada.

Curin ya kwana a gefen gadonta. Da na shiga ɗaukar kwano na ga gefensa ya fara fari saboda zafi. Na so in tambaya me za a yi da shi, a mayar cikin sauran ne ko za ta gina wani abu, amma na kama bakina. Ita ta ga inda nake kallo.

Ta ce, "Zan gina wani abu da shi. Ban san ko mene ne ba tukuna."

Na ce to.

Ta ce, "Inna, kar ki bari ya bushe."

Na fita na jiƙo tsumma, na kawo mata, ta lulluɓe shi da hannunta.